George Devine: Mutumin da ya buɗe wa sababbin marubutan wasan kwaikwayo ƙofa

Ba a san George Devine da rubuta wasan kwaikwayo ko guda ɗaya ba. Duk da haka, idan ana lissafa mutanen da suka sauya alƙiblar rubutun wasan kwaikwayo cikin harshen Ingilishi a ƙarni na 20, sunansa kan zo a sahun gaba. Abin da ya yi shi ne ya riƙe wani ƙaramin gidan wasa a birnin Landan mai suna Royal Court na tsawon shekara tara, daga 1956 zuwa 1965, ya mayar da shi wurin da marubucin da babu wanda ya san shi zai kawo rubutunsa a karanta, a ɗora shi a kan dandamali, idan kuma bai karɓu ba a ce masa ya koma ya kawo wani. Cikin matasan da suka ci moriyar wannan tsari har da wani ɗan Najeriya mai shekara ashirin da 'yan kai, Wole Soyinka.

An haifi George Devine ranar 20 ga Nuwamba, 1910, a unguwar Hendon da ke Landan. Mahaifinsa ma'aikacin banki ne, mahaifiyarsa kuwa daga Kanada ta fito. Gidan bai zauna lafiya ba: mahaifiyar ta yi fama da rashin lafiyar ƙwaƙwalwa, auren ya mutu, aka kai yaron makarantar kwana ta Clayesmore wadda ƙanin mahaifinsa ko yayansa, Alexander Devine, ya kafa. A 1929 ya shiga Jami'ar Oxford domin karatun Tarihi, amma ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai ta ɗauke masa hankali har ya zama shugabanta. A 1932 ya yi wata ƙarfin hali da ta nuna irin mutumin da zai zama, inda ya gayyaci John Gielgud, wanda tauraruwarsa ke haskawa a Landan a lokacin, ya zo ya shirya wa ɗalibai wasan Romeo and Juliet na Shakespeare. Gielgud ya amsa, ya kuma zo da manyan 'yan wasa mata biyu, Peggy Ashcroft da Edith Evans, da wasu mata uku masu tsara tufafin wasa da ke aiki da sunan Motley. Devine ya bar jami'a ba tare da ya ɗauki digiri ba, ya bi su Landan, ya zama mai kula da harkar kuɗin Motley. Ɗaya daga cikin matan uku, Sophie Harris, ita ya aura a 1939.

Malaminsa na gaskiya wani Bafaranshe ne, Michel Saint-Denis, wanda ya buɗe makarantar koyon wasan kwaikwayo a Landan a 1936, Devine yana mataimakinsa. Daga gare shi ya ɗauki aƙidar cewa rubutun marubuci shi ne tushe, ɗan wasa da mai kayan ado da mai haske duk hidimarsa suke yi. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan aiki. Devine ya shiga rundunar igwa ta sojan Birtaniya, ya yi shekaru a Indiya da Burma. Da ya dawo, shi da Saint-Denis da Glen Byam Shaw suka kafa makaranta da ƙungiyar matasan 'yan wasa a ƙarƙashin gidan wasan Old Vic. Aikin ya yi kyau, amma hukumar gudanarwar gidan ta saka su gaba da rigingimu, har su ukun suka ajiye aiki a 1951, makarantar ma ta rufe a shekarar da ta biyo baya. Wannan faɗuwa ta yi wa Devine zafi, ta kuma koya masa cewa duk kyawun manufa, idan mutum bai iya zama da masu riƙe da lalita ba, aikinsa a banza. Darasin ya yi masa rana daga baya.

Sai an dubi yadda harkar take a Landan a farkon shekarun 1950 kafin a gane girman abin da ya tunkara. Manyan gidajen wasa na tsakiyar birni suna hannun 'yan kasuwa ƙalilan, kuma ɗan kasuwa ba ya zuba jarinsa sai a hajar da ya tabbatar za ta fita. Saboda haka wasannin da ake nunawa kusan duk iri ɗaya ne: labaran masu hali a falon gidajensu, da barkwanci mara ɗaci, da tsofaffin wasanni da aka sake ɗauraya. A saman 'yan kasuwar kuma akwai wani babban jami'in fadar Sarauniya mai muƙamin Lord Chamberlain, wanda doka tun ta 1737 ta ba ofishinsa ikon tace duk sabon wasa kafin a nuna shi ga jama'a. Yana iya soke kalma, ko fitowa guda, ko wasan baki ɗaya. Matashin da ya taso a gidan leburori, yake son ya rubuta yadda mutanen unguwarsu ke magana da abin da ke damun su, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Devine da wani matashin darakta, Tony Richardson, sun daɗe suna tsara yadda za su buɗe irin wannan ƙofa, sai dai babu kuɗi. Can kuma wasu mutane, ciki har da mawaƙi Ronald Duncan da Lord Harewood da Oscar Lewenstein, suka kafa wani kamfani mai suna English Stage Company, suka samu wani attajirin ɗan kasuwar yadi daga Manchester, Neville Blond, ya zama shugabansa. Suka ɗauki Devine a matsayin daraktan fasaha, suka kama hayar Royal Court a dandalin Sloane. Gida ne da kujerunsa ba su kai 500 ba, amma yana da tarihi, domin a cikinsa aka fara nuna da yawa daga wasannin George Bernard Shaw tsakanin 1904 da 1907.

Da farko Devine ya yi zaton marubutan ƙagaggun labarai da suka riga suka yi suna su ne za su ba shi sababbin wasanni. Shi ya sa aka buɗe gidan ranar 2 ga Afrilu, 1956, da wasan Angus Wilson, wanda bai yi wani tasiri ba. Sai dai kafin nan kamfanin ya ba da sanarwa a jaridar 'yan wasa ta The Stage cewa yana neman sababbin rubuce-rubuce, kuma ɗaruruwa sun shigo. Galibinsu ba su da amfani. Guda ɗaya ne ya tsayar da Devine, wanda wani ɗan wasa mara aikin yi, John Osborne, ya rubuta, bayan dillalan wasanni da dama sun mayar masa da shi. Osborne yana zaune ne a cikin wani jirgin ruwa da aka ɗaure a bakin kogin Thames, Devine kuwa bai aika a kira shi ba, da kansa ya shiga kwale-kwale ya tuƙa ya je ya same shi. Ya karɓi wasan, ya kuma ɗauki Osborne aiki a matsayin ɗan wasa domin ya samu na cefane.

An fara nuna wasan, Look Back in Anger, ranar 8 ga Mayu, 1956. Labarin wani saurayi ne mai ilimi, mai sayar da alewa a kasuwa, wanda ke zaune da matarsa a ɗaki guda, yana zazzaga wa duniya ruwan bala'i. Yawancin masu sharhi na jaridu sun yamutsa fuska. Kenneth Tynan na jaridar Observer ne ya tsaya masa da ƙarfi, amma ko hakan bai cika kujeru nan take ba. Sai da tashar BBC ta nuna wani yanki nasa a talabijin a watan Oktoba sannan matasa suka yi ta tururuwa. Wasan ya tsallaka zuwa New York, aka mayar da shi fim, kuɗinsa kuma suka riƙa shigowa asusun kamfanin shekara da shekaru. A 1957 Laurence Olivier, wanda ya fi kowane ɗan wasa suna a Ingila, ya zo da kansa ya fito a wasan Osborne na biyu a wannan ƙaramin gida.

Yawancin masu ba da labarin Devine a nan suke tsayawa, alhali muhimmin aikinsa yana cikin abin da ya yi da kuɗin da sunan da Osborne ya kawo. Wani zai iya neman wasanni goma masu kama da wanda ya ci kasuwa. Shi kuwa sai ya ɗauki ribar ya zuba a kan marubutan da ba su da tabbas.

Ya fara da abu mafi sauƙi. Duk marubucin da aka ga alamar baiwa a rubutunsa, ko da ba za a nuna wasansa ba, ana ba shi takardar izinin shiga gidan kyauta, ya kalli wasanni, ya zauna a wurin gwaji ya ga yadda darakta da 'yan wasa ke kokawa da rubutun wani. Wasu kuma aka ɗauke su aikin karanta rubuce-rubucen da ke shigowa ta gidan waya, ana biyan su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma yana hana su barin sana'ar. A 1957 aka fito da nunin daren Lahadi. Ranar Lahadi gidan ba ya aiki, don haka akan ɗauki sabon wasa a yi masa ɗan gajeren gwaji, a nuna shi sau ɗaya tak, babu kayan adon dandamali, da kuɗi kaɗan. Hikimar ita ce marubucin wasa ba ya sanin inda rubutunsa ke ɗingishi sai ya zauna cikin 'yan kallo ya ji inda suka yi dariya da inda suka fara gyara zama don gajiya. Gani ya kori ji. A 1958 kuma aka kafa ƙungiyar marubuta da ke haɗuwa mako-mako, inda William Gaskill da Keith Johnstone ke jagoranta, Devine kuma yakan zo ya koyar da wasa da fuskar roba ko ta katako, kamar yadda ya koya wurin Saint-Denis. Ba su cika zama suna karanta wa juna rubutu ana suka ba. Tashi suke yi su gwada abin a aikace, marubuci ya zama ɗan wasa na ɗan lokaci, ya ji da jikinsa wahalar abin da yake ɗora wa wasu.

Sakamakon wannan tsari bai zo da wuri ba, kuma sau da yawa asara ce ta fara zuwa. John Arden ya ba gidan wasanni uku a jere tsakanin 1958 da 1960, babu wanda ya mayar da kuɗinsa. Na tsakiyarsu, Serjeant Musgrave's Dance na 1959, labarin wasu sojoji da suka gudo daga yaƙin mulkin mallaka suka kawo wa wani gari gawar ɗansa, an nuna shi kujeru galibi babu kowa. Devine bai janye hannunsa daga Arden ba, yau kuma wasan yana cikin waɗanda ake karantarwa a makarantu. Ann Jellicoe ta kawo wasanta na farko a 1958, Devine ya zaunar da ita kusa da shi suka shirya shi tare, aka sauke shi bayan 'yan kwanaki don rashin 'yan kallo. Ya ce ta kawo wani. Na biyun, The Knack, ya karɓu a 1962, fim ɗin da aka yi da shi kuma ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1965. Edward Bond, wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 ya yi aikin masana'anta, ya shiga ƙungiyar marubutan a 1958, ya yi shekara huɗu kafin a nuna wasansa na farko a daren wata Lahadi a 1962. Irin wannan haƙuri shi ya sa ake danganta Devine da aƙidar cewa marubuci yana da haƙƙin ya faɗi, kuma gidan wasa ne ya kamata ya ɗauki nauyin faɗuwar.

Ɗaukar nauyin kuwa lissafi ne na kowane mako. Tallafin da gwamnati ke bayarwa ta hannun Majalisar Fasaha bai isa ya riƙe gidan ba, Neville Blond kuma ɗan kasuwa ne da ke son ganin alƙaluma. Devine ya iya tafiyar da shi. Idan asusu ya yi ƙasa sai ya ɗauko tsohon wasan da ya san zai ja jama'a, ko ya gayyato fitaccen ɗan wasa, a cika kujeru na wasu makonni, a mayar da wasan tsakiyar birni ya ci gaba da kawo riba, sannan a koma kan sababbi. Haka ya yi a ƙarshen 1956 da wani tsohon wasan barkwanci na ƙarni na 17 wanda ya fito da Joan Plowright. Duk mai shago ya san wannan dabara, ta barin hajar da ke gudu ta ɗauki nauyin wadda ke kwantai, bambancin kawai shi ne Devine ya fi ƙaunar mai kwantan.

Ta wannan ƙofa Wole Soyinka ya shigo. Bayan ya gama digiri a Jami'ar Leeds a 1957, ya samu aikin karanta wasanni a Royal Court, ya kuma shiga ƙungiyar marubutan. A watan Maris na 1959 masu gadin sansanin Hola a Kenya suka kashe fursunonin Mau Mau goma sha ɗaya da duka, hukumomin mulkin mallaka suka yi ƙoƙarin rufe maganar. A watan Yulin shekarar gidan ya shirya nunin daren Lahadi a kan kisan, Soyinka yana cikin masu fitowa, amma da aka zo inda zai taka rawar ɗaya daga masu dukan sai ya ƙi shiga dandamali. Abin ya zauna masa a rai har da shi ya buɗe jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1986. Ranar 1 ga Nuwamba, 1959, aka ba shi daren Lahadi nasa na kansa, inda aka nuna gajeren wasansa The Invention, wanda ke yi wa mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu shaguɓe. Bai zama cikin manyan ayyukansa ba, kuma wannan shi ne amfanin daren Lahadi. A 1960 ya dawo gida ya kafa ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo mai suna 1960 Masks. Ba shi kaɗai ne baƙar fata da gidan ya karɓa ba, domin a 1958 an nuna wasannin Barry Reckord ɗan Jamaika da Errol John ɗan Trinidad, a lokacin da sauran gidajen Landan ba sa ko duban irin waɗannan marubuta.

Bai kamata a mayar da shi waliyyi ba. Ronald Duncan, wanda da shi aka kafa kamfanin da fatan a riƙa nuna wasanninsa na waƙe, ya ga an sauke nasa bayan 'yan kwanaki a 1956, ya kuma ci gaba da jin cewa an ƙwace masa gida. Arnold Wesker, wanda daga baya ya zama ɗaya daga ginshiƙan gidan, sai da aka fara tura wasansa garin Coventry a 1958 kafin a yarda a kawo shi Landan. Mata ba su da yawa a cikin marubutan da aka ɗaga. A gabashin Landan kuma Joan Littlewood tana irin wannan aiki da kuɗin da bai kai nasa ba, ita ce ma ta gano Shelagh Delaney tana 'yar shekara 19. A gida, Devine ya rabu da Sophie ya koma zama da Jocelyn Herbert, mai tsara dandamalin gidan. Shi kansa abin da zuciyarsa ta fi karkata gare shi wasannin Turai ne masu wuyar fahimta, na Samuel Beckett da Eugène Ionesco, har ya fito da kansa a wasan Beckett a 1958. Wani abin yabo a nan shi ne bai tilasta wa marubutansa su bi ɗanɗanonsa ba.

Rigima da ofishin tace wasanni kuwa ba ta taɓa yankewa ba. Kusan kowane sabon rubutu sai ya dawo da jerin kalmomin da aka soke, Devine ya yi ta kai da komo yana ciniki a kan kowace. Akwai wata kafa a dokar: idan gida ya zama kulob, 'yan ƙungiya kaɗai ke shiga, ofishin kan kawar da kai. A 1965 Osborne ya kawo wasa a kan Alfred Redl, hafsan sojan Ostiriya da ya sayar da asirin ƙasarsa ga Rasha kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya bayan an riƙe shi da barazanar tona asirin neman maza da yake yi. Ofishin ya nemi a cire fitowa da dama, Osborne ya ƙi, Devine ya mayar da gidan baki ɗaya kulob, duk da ya san hakan zai rage kuɗin shiga. A lokacin ya riga ya ba da sanarwar zai sauka daga muƙaminsa saboda gajiya, amma ya karɓi rawa a cikin wasan, yana fitowa kowane dare cikin kaya masu nauyi a tsakiyar zafin bazara. A watan Agusta bugun zuciya ya kama shi, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya. Ya rasu ranar 20 ga Janairu, 1966, yana da shekara 55.

William Gaskill ne ya gaje shi. A watan Nuwamba na 1965, Devine yana kwance, gidan ya nuna wasan Edward Bond na biyu ta hanyar kulob, wannan karon kuma hukuma ta kai su kotu, aka same su da laifi. Shari'ar ta tayar da ƙura har majalisar dokoki ta kafa kwamiti, a 1968 aka yi dokar da ta ƙwace ikon tace wasanni daga hannun Lord Chamberlain bayan shekara 231. A shekarar da Devine ya rasu abokan aikinsa suka shirya nuni na musamman a Old Vic suka tara kuɗi, aka kafa kyauta da sunansa wadda har yanzu ake ba marubucin wasa mai tasowa. A watan Disambar shekarar gidan ya nuna The Lion and the Jewel na Soyinka a babban dandamalinsa. A 1969 aka mayar da wani ɗaki da ke saman ginin ƙaramin gidan wasa na dindindin domin sababbin rubuce-rubuce, a 1989 kuma gidan ya fara gayyato marubuta daga ƙasashen waje su zo su zauna na wasu makonni suna gyara wasanninsu tare da daraktoci da 'yan wasansa.